Garba Daban, Abubakar Daban

Badi'a, Riyad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da mahaifiyarka da ƙannenka da iyalinka Rabi. Allah ya tsare min ku a gida da hanya, ya sauki Rabi lafiya, ya raba ka da sharrin gaggawa. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin nan da ba ya tsufa.

Hotuna biyun da ka turo min ta waya sun iso, na fasfonka da na takardar da ejan ya ce ka je ka sa wa hannu ranar Litinin ta sama. Na kuma saurari saƙon muryarka, na ji yadda kake murna za ka zo Riyad ka yi aiki kusa da ni. Sau uku ina danna waya zan ba ka amsa ina gogewa. Abin da zan gaya maka bakina ba zai iya ɗaukarsa ba, shi ya sa na sayo takarda na zauna a ɗakina. Wanda zai kawo maka ita mutumin Funtuwa ne da zai taso jibi, na roƙe shi ya danƙa maka hannu da hannu kafin Litinin ɗin.

Maganar a taƙaice ita ce kada ka sa hannu. A takardar nan, wurin da ake rubuta sana'ar mutum, an rubuta maka amil, wato lebura, alhali kana da difloma ta gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Wanda aka rubuta wa amil ba ya kawo matarsa ƙasar nan ta zauna da shi, ba ya kawo ɗansa. Ka ce ejan ya kwantar maka da hankali, ya ce ai babanka ma ta haka ya shiga, ga shi yau injiniya ne. To, Babana, ni ba injiniya ba ne. Direban gida ne. Shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa matar wani da 'ya'yan wani, ina kwana a ɗan ɗakin da ke jikin ƙofar gidansu, wanda ƙofarsa ke kallon titi. Ka ajiye takardar ka sha ruwa in kana so, sannan ka ci gaba, don sauran ma ba daɗi ne da shi ba.

Zan fara daga ofishin ejan a Kano, lokacin kana da shekara shida. Na je da diflomata ta aikin lantarki a hammata, ina ji da kaina. Sunan da ke jikinta Garba Shehu Funtuwa, yadda aka rubuta ni tun firamare. Da aka zo cika takardar fasfo, ejan ya ɗaga kai ya ce, “Malam, ƙasa mai tsarki za ka, ka je da Garba? Larabawa ba su san wani Garba ba. Mu sa sunan yanka.” Maganar ta yi min daɗi. Aka rubuta Abubakar Usman, tunda kowa ya san Garba Abubakar ne, Shehu kuma Usman ne. Na fito ina jin kamar an yi min sabuwar riga.

Sannan ya miƙo min takardar aiki da Larabci. Ni kuwa na yi sauka tun ina yaro, sai na gyara zama na karanta masa ita a bayyane, ina ba kowane harafi haƙƙinsa. Ya ce, “Masha Allah, ashe da malami muke tare.” Wallahi ban da bisimilla da sunana ba abin da na fahimta a ciki. Amma bayan wannan yabo ina zan iya buɗe baki in ce a fassara min? Na dai nuna wata kalma na ce wannan fa, ya ce sawwak, direba ke nan, amma rubutun shiga ne kawai, da na sauka zan canza in kama aikin lantarkina. Diflomar ma ya ce in mayar gida kada ta ɓace a hanya. Na kawo ta na ba mahaifiyarka ta sa a ƙasan akwatinta.

Ka ga kuskurena na farko. Iya karanta baƙi daban, sanin abin da aka ce daban, kuma jin kunyar tambaya ya fi jahilcin kansa tsada. Duk takardar da za ka sa wa hannu, ka kai wa wanda ba shi da riba a cikin tafiyarka ya fassara maka ita layi bayan layi. A ƙasar nan akwai katin zama da ake kira igama, kuma a jikinsa akwai ɗan layi guda na sana'a. Layin nan shi ne kai. Ba a tambayar abin da hannunka ya iya, ana duba abin da katin ya ce. Wanda ya ɗauko ka, kafili, shi ke riƙe da kai a kan wannan layin, kuma ba ya canzuwa don ka sauka daga jirgi.

Yanzu bari in ba ka labarin Kamau, mutumin Kenya, don ta wurinsa na gane inda na faɗi.

Ina shekara ta bakwai a gidan nan lokacin da aka turo shi daga wani kamfani ya sake akwatin wutar gidan. Kafin zuwansa ni ke lallaɓa wutar in ta lalace, maigida yana jin daɗi tunda kyauta ne. Ina wankin mota ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya da Turanci wa ya yi wannan haɗin. Na ce ni ne. Ya dube ni da tiyo a hannu, wandona a naɗe. Ya ce, “Kana da takarda?” Na ce tana gida a akwatin matata. Bai yi dariya ba. Ya ce, “To, akwatin take yi wa aiki.”

A ranar maigida ya fito yana kiransa Kamal. Ya ce masa, cikin ladabi, sunansa Kamau. Maigida ya sake cewa Kamal, ya sake gyara masa. Ni har kunya ta kama ni a madadinsa. Da muka keɓe na ce masa ya bari mana, ai Kamal suna ne mai kyau. Ya ce, “Mai kyau ne, amma ba shi ne a takarduna ba.” A raina na ce ji wannan da girman kai, a kan harafi ɗaya.

Ka san ranar Juma'a bayan masallaci mukan taru a Batha, tsohuwar kasuwar da baƙi ke cika, mu sha shayi a bayan shagunan aika kuɗi, mu 'yan Najeriya da mutanen Maraɗi da Damagaram. Hirar 'yan Kenya ba ta ƙarewa a wurin. Muna ganinsu a teburin karɓar baƙi a otal, muna ganin matansu da fararen kaya a asibiti, muna ganin mazansu da motar kamfani da sunansu a ƙirji. Mu kuwa da kakanninmu suka zo ƙasar nan da ƙafa, ga mu a kan siminti da sitiyari. Kowa da bayaninsa. Wani ya ce Turanci ne. Wani ya ce Balarabe ya fi ganin girman baƙon da ba ya bin sa salla. Wani ya ce gwamnatinsu ce ke tsaya musu. Ni na fi kowa ɗaga murya, ina cewa mu ne 'yan gida amma an fifita bare. Ban taɓa tuna cewa ni ma ina jin Turancin ba. Kuma a cikinmu duka ba wanda ya taɓa zuwa ya tambayi ɗan Kenya ɗaya yadda aka yi.

Kamau ya riƙa kirana in ya sami aikin da yake son shawara, har muka saba. Wata Juma'a ya gayyace ni gidansa cin abincin rana. Hawa na biyu ne a wani tsohon bene, ba wani gidan a zo a gani ba. Amma a bakin ƙofa na tarar da takalma, nasa, da na mace, da ƙanana guda biyu, ɗaya an taka bayansa ya lanƙwashe yadda yara ke yi. Na tsaya ina kallonsu har ya ce in shigo mana. Ɗansa ya fito da littafin makaranta yana jan rigarsa ya duba masa lissafi. Kai a lokacin kana aji ɗaya na sakandare, kuma sau uku kacal na gan ka tun tafiyata.

Bayan mun ci abinci na kasa haƙuri na tambaye shi. Ya shiga ɗaki ya fito da wata jakar roba ya zazzage a kan tebur. Takardar haihuwa, ta makaranta, ta koyon sana'a, fasfo, igama, duk suna ɗaya, harafi bai bambanta ba, kuma bayan kowace akwai hatimi a kan hatimi. A layin sana'a an rubuta fanni, wato ƙwararren ma'aikaci. Ya ce wata takwas ya yi a gida yana jiran wannan kalma, an kawo masa bizar lebura sau biyu ya ƙi, har 'yan'uwansa suna cewa ba ya son tafiya. Ya ce su in sabon mutum zai taso, sai ya turo takardarsa waɗanda suka riga shi zuwa su karanta, su ce masa sa hannu ko kada ka sa.

Mu ba ma yin haka, Babana. Ba wanda ya fi mu karɓar baƙo. Ɗan'uwanmu ba ya kwana da yunwa a Riyad, ba ya rasa katifa, in ya mutu ba ya rasa masu salla. Amma ba mai tambayar wani me aka rubuta maka a kati, don kowa yana ɓoye nasa. Mukan ciyar da mutum shekara goma ba mu taɓa duba takardar da ta ɗaure shi ba.

Na sauko daga benen nan da la'asar na shiga motar maigida na yi kuka. Hassada ce ta biyo baya, ba zan sakaya maka ba. Kusan shekara guda in Kamau ya kira ba na ɗauka. Mutumin bai yi min komai ba sai nuna min gaskiya, ni kuma na ji haushinsa saboda yana da abin da na zubar da hannuna. Wannan ne kuskurena na biyu. In ka ga wanda ya fi ka a wuri, kada ka zauna cikin 'yan'uwanka kuna ƙirƙiro dalilin da zai sanyaya muku rai. Ka tashi ka je ka tambaye shi, ka jure abin da zai faɗa.

Kada kuma ka ɗauka duk ɗan Kenya Kamau ne. Ni na ɗauka haka, kuma wata baiwar Allah ta sha wuya saboda shi. An kawo wata 'yar aiki gidan nan daga Kenya, sunanta Akinyi. Ni na ɗauko ta ranar da ta sauka. A mota ta gaya min malamar firamare ce a garinsu, an ce mata za ta zo ta koya wa yara Turanci. Katinta kuwa cewa ya yi 'yar aikin gida. Uwargida ta karɓe mata waya tun makon farko, wai tana hana ta aiki. Wata rana ina sauke cefane a ƙofar kicin ta cusa min wata 'yar takarda a hannu, lambar mahaifiyarta ce, ta ce don Allah a gaya mata tana raye.

Na sa takardar a aljihu na bar ta mako uku. Ina gaya wa kaina ai su masu gata ne, nasu za su neme ta. Gaskiyar kuwa tsoro nake ji kada uwargida ta ji. Da abin ya dame ni na rasa wanda zan kai wa sai Kamau, wanda na yi wata da watanni ina guje wa. Ya ɗauka bugu ɗaya, bai tambaye ni ina na shiga ba. Da muka haɗu ya kira lambar a gabana, na ji ihun tsohuwar daga inda nake zaune, ashe har sun fara zaman makoki. Ya kashe waya ya ce, “Tun yaushe takardar nan take wurinka?” Na faɗa masa. Sai ya ce, “Kuna ganinmu a otal da asibiti kuna cewa 'yan Kenya sun ji daɗi. Irin wannan yarinyar ba kwa ganinsu, don suna bayan katanga. Ƙasarmu ɗaya da ita, amma kai ka fi kusa da ita a kaina. Layinku ɗaya.”

Akinyi ta cika shekara biyunta ta koma gida da ƙafarta, alhamdu lillahi. Amma makonni ukun nan suna wuyana har gobe. In Allah ya kai ka wata ƙasa, ko wacce ce, wanda ya miƙo maka hannu daga ƙasa da kai kada ka tsaya duba tutar ƙasarsu. Ka yi abin da za ka iya a ranar, kada ka kai gobe.

Saura babban, wanda ya sa nake rubutun nan.

Zuwana gida na farko, ina sauka a tasha wani ya ɗaga murya ya ce injiniya ya dawo. Ban gyara masa ba. Kalma ɗaya ce da na faɗa a ranar da an wuce wurin, amma na ga yadda fuskar kakanka ta yi haske, Allah ya jiƙansa, sai na yi shiru. Daga baya har hoto na turo muku, ina tsaye gaban wani gini da hular kwano a kaina. Hular ta wani ɗan Maraɗi ce, ara na yi na minti biyar. Hoton nan na ji an ce har yanzu yana rataye a ɗakin mahaifiyarka. Ka sauke shi.

Shekaru huɗu da suka wuce hukuma ta buɗe wani lokaci na gyaran takardu, aka ce duk baƙon da sana'ar katinsa ba ita ce tasa ba ya zo ya gyara kafin wa'adi ya cika. Kamau ya zo har ɗakina da gudu. Ya ce kamfaninsu na neman mai aikin lantarki, ya riga ya yi magana da shugabansu. Maigidana ma, Allah ya saka masa, ya ce in na sami hanya zai sake ni. Abu ɗaya ya rage, a kawo diflomata daga gida.

Mako shida na yi ban kira mahaifiyarka a kan maganar ba. Kullum Kamau na tambaya, ina ce masa tana hanya. Ina tunanin in na ce ta turo takardar, za ta ce to da me kake aikin injiniyan duk shekarun nan? Ranar da na daure na kira, ina ta kewaye-kewaye, sai ta katse ni ta ce, “Malam, takardarka kake so? Tana nan. Duk shekara ina fito da ita in shanya saboda gara.” Na ce kin san ke nan. Ta ce, “Wane injiniya ne zai bar takardarsa a ƙarƙashin zannuwana shekara goma sha biyar? Na ga ba ka son a sani ne, na taya ka.” Ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta ranar ba. Matar da nake ɓoye wa ita ke rufa min asiri, ni kuma na ƙone mako shida ina tsoronta.

Takardar ta iso. Na kai ta wani ofishin fassara a unguwar Dira aka juya ta Larabci, na sa farar riga, Kamau ya raka ni ofishin da ake gyaran. Tun asuba muke layi, sai bayan azahar na kai gaban tebur. Ma'aikacin saurayi ne, kamar sa'anka, mai ladabi. Ya ajiye diflomar a dama, igama a hagu, ya duba wannan ya duba wancan. Ya ce, “Ya hajji, wannan takardar ta Garba Shehu ce. Kai kuma Abubakar Usman ne. Ina mai takardar?”

Na ce ni ne. Na ce masa a ƙasarmu duk Garba Abubakar ne, duk Shehu Usman ne, ko yaro ka tare a hanya zai gaya maka. Na juya ina neman Bahaushe a layin ya shaide ni, wani dattijo daga baya ya ɗaga hannu ya ce wallahi haka ne. Saurayin ya yi murmushi, ba na raini ba, ya ce ya yarda da mu, amma shi ba zai iya rubuta wa na'ura cewa wani dattijo ya rantse ba. Ko harafi ɗaya ba su haɗa ba, in ji shi, mutum biyu ne. Sai in kawo takardar kotu daga ƙasarmu cewa mutum ɗaya ne, a buga mata hatimin ma'aikata da na ofishin jakadanci. Kamau yana gefe. Bai tuna min da maganar Kamal ba, ko a ranar ko bayanta.

Kawunka ya yi ta zirga-zirga tsakanin Funtuwa da Abuja, bai san ma don me ba, na ce masa ƙarin girma za a yi min. Takardar kotun ta iso Riyad mako biyu bayan an rufe gyaran. Ka lissafa da kanka, mako shida na zubar saboda kunya. Kai lokacin ka riga ka girma, ba za ka shiga katina ba, amma da mahaifiyarka da ƙannenka sun zo, da an sami takalma a ƙofata ni ma.

To ka duba hoton fasfon da ka turo min. An rubuta Usman Abubakar. Diflomarka kuwa, wadda na sa aka ɗauko min hotonta ranar da ka karɓa, Shehu Garba ce a jiki. Na san yadda aka yi, ejan ya ce a sa sunan da zai dace da na babanka na can. Ramin da na faɗa shi aka sake haƙa maka, da sunana aka haƙa shi. Da na gani ban iya cin abinci ba ranar.

Kada ka yi wa iyalinka ƙarya a kan aikinka, ko da ta shiru ce. Ƙaryar da na yi don a ga girmana ita ce yau ejan ya ɗauka yake jan ɗana da ita. In shara kake yi ka ce shara kake yi. Rabi za ta iya ɗaukar gaskiya, mata sun fi mu iya ɗaukarta, ni shaida ne.

Ga abin da nake so ka yi. Ka je a gyara fasfon ya koma sunan da ke diflomarka, harafi da harafi, ko da zai ci wata nawa. Ka kai diflomar a buga mata duk hatimin da ake bugawa tun kana gida. Ka gaya wa ejan in ba fanni ba ka fasa. Zai ce maka irin wannan bizar ba ta samuwa, zai ce wani zai ɗauke gurbinka kafin Laraba. Bar shi ya ɗauke. Na yi magana da Kamau, ya ce kamfaninsu kan ɗauki masu gyaran na'urar sanyi ta hanyar da ta dace, ka turo masa takardunka ya karanta, amma bai yi alkawari ba, ni ma ban yi maka ba. Yana iya zama wata shida, yana iya zama shekara, yana iya ƙin zuwa gaba ɗaya.

Ban ce maka fanni aljanna ba ce. Kamau kansa yanzu yana kuka da sabon harajin da aka ɗora wa baƙi a kan kowane mutum na iyalinsu, har yana tunanin mayar da nasa gida. Amma shi zama zai yi da matarsa su yanke shawara. Ni ba a taɓa ba ni abin da zan yanke ba. In kuma ƙofar ba ta buɗe ba, Funtuwa ma ana zafi, na'urori suna lalacewa, kuma mutumin da ke kwana a gidansa bai faɗi ba.

Na san abin da ke ranka, don ka faɗa a saƙonka. Ka ce ko ba komai za ka zauna kusa da ni, mu rama abin da ya wuce. Wannan maganar ita ta fi yi min nauyi. 'Ya'yan maigidana mata uku ni na kai su makaranta tun daga rainon yara har jami'a. Na san wadda ba ta son a yi mata magana da safe, na san wadda ke amai in an yi gudu. Kai kuwa ban san abincin da ba ka ci ba. Ranar ɗaurin aurenka ina cikin mota a ƙofar makarantar ƙaramarsu, kawunka ya ɗaga waya sama ina jin fatiha daga nesa, ana buga min gilashi in matsa gaba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba tukuna. Tunda aka ce mata za su fara tuƙi a ƙasar nan, manyan 'ya'yan biyu sun sa suna a makarantar koyon mota. Watan jiya maigida ya kira ni falo, ya ba ni shayi da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce bayan babbar salla ba zai sabunta min igama ba. Fita ce ta har abada. Ban yi masa gardama ba, gwiwoyina ma sun gaji.

Ka ga ke nan in ka sa hannu ranar Litinin, za ka sauka ina ɗaure kaya. Za mu sami wata biyu, wataƙila uku, in ma kafilinka bai tura ka wani gari ba. Allah ya sani ina son watannin nan. Na sha kwatanta yadda zan kai ka Batha in ce wa mutane ga ɗana, mu tsaya sahu ɗaya ranar Juma'a kafaɗa da kafaɗa. Amma bayansu zan hau jirgi in koma Funtuwa in karɓi abin da Rabi za ta haifa, in yi masa renon da ban yi maka ba, kai kuma ka zama muryar da ake sa masa a kunne ana cewa gai da Baba. Ya girma ya san ni bai san ka ba. Na yafe watannin, Babana. Ban yarda a sake yin wannan a gidana ba, ko da ni ne zan ci ribarsa.

Ka zauna ka jira ni. In na dawo ka kai ni shagon da kake aiki in riƙa miƙa maka sukundireba, hannuna bai manta wayar wuta ba. In takarda mai kyau ta zo daga baya, ni da kaina zan raka ku filin jirgi, kai da Rabi da abin da ta haifa, ku uku.

Ka karanta wa mahaifiyarka wannan takarda, ba sabo a ciki a wurinta sai maganar dawowata. Ka karanta wa ƙannenka ma, su ji daga gare ni kafin su ji a gari. In ranka ya ɓaci da ni, yana da dalili, ba zan ce kada ya ɓaci ba. Ina roƙonka gafara, kai da su.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka daga hannun da zai rubuta maka abin da ba kai ba. Allah ya sauki Rabi lafiya, ya raya abin da za ta haifa a gaban ubansa. Allah ya tsare mai kawo wannan takarda har ƙofar gida, ya kuma nufe ni da ganinku ido da ido. Ka gai da kawunka, ka ce ina neman afuwarsa a kan tafiye-tafiyen Abuja.

Wassalam.

Mahaifinka.